Fito a Ɗaki na Bakwai

Shekara sha ɗaya ina gadin ɗaki na bakwai
a wani ƙaramin gidan tarihi a Hoorn,
ni da kujerata da zanen teku guda.
Faɗinsa bai kai tagar kicin ɗina ba.
Sama ta cinye fiye da rabinsa,
gajimare kalar madarar da ta kwana,
saura ruwa ne, ya kwanta luf,
jirage huɗu tsaye a kan inuwarsu
kamar waɗanda aka ce su jira a kira su.

Mai zanen ya bar duniya
shekara ɗari uku da ɗoriya.
Fentin ya tsattsage sirara-sirara
irin layukan tafin hannun tsohuwa,
amma hayaƙin igwar da babban jirgin ya harba
har yau bai watse ba.
Yana nan a dunƙule, fari fat, bai san inda za shi ba.

Baƙi kan shigo da rigunan ruwa a jiƙe,
su sassauta murya.
"Kai, natsuwa!" in ji su,
su ɗauki hoto, su gangara shan kofi.
Ni ma haka na ɗauka.

Sai ran wata Laraba ga Douwe,
tsohon matuƙi, yatsansa ɗaya dungu,
kwat ɗinsa na warin taba da man inji.
Ya daɗe a tsaye. Ya ja tsaki.
"Natsuwar me?
Wannan ai ranar asara ce.
Dubi ƙyallen jirgi, ya saki jiki kamar wanki a igiya.
Ba iska, ba tafiya. Ba tafiya, ba lada.
Kifi na ruɓewa a ganga,
kwalta na narkewa a ƙafar yara,
wancan mai jar hula, ka gan shi?
Ba sama yake sha'awa ba, zaginta yake yi."

Na matsa. Na gan shi.
Ɗigon fenti uku ne kacal,
amma wuyansa a karye yake, irin na mai bin bashi.
Ashe mai jirgi shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan kowace Laraba sai ya zo,
ya zauna a bencin tsakiya, hula a gwiwa,
in ɗakin ya yi tsit
ya tsuke baki ya yi fito, siriri,
wai haka kakansa ke kiran iska.
Doka ta hana surutu a nan.
Ni kuwa nakan sami abin dubawa a takalmina.

Na ce masa, tunda ranar asara ce,
me kake nema a ciki?
Ya ce, "A irin ranar nan kaɗai
na taɓa ganin fuskata a teku."

Hunturu ya shiga, kududdufai suka daskare,
bencin ya yi Laraba biyar babu kowa.
Ta shida wata mata ta zo, Tjitske, 'yarsa,
haɓarsu ɗaya.
Ba ta ce komai ba sai da ta gama kallo.
"Wannan ne?" Na ce shi ne.
"Ƙarami ne ashe."
Ta riƙe hularsa da hannu biyu, ta fita.

Da yamma na rufe tagogi.
Kafin in kashe fitila na sake leƙawa,
can a kusurwar hagu, gab da katako,
ga wani ɗan duhu-duhu a bayan ruwa,
kamar tsigar jiki ta tashi.
Shekara sha ɗaya, ban taɓa lura da shi ba.
Ko datti ne, ko burushi ne ya zame,
ban sani ba.

Na waiga, ba kowa.
Na jiƙa leɓena.
Ban iya fito sosai ba.